Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Matasa Masu Ɗaukar Hoto a Titunan Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƙannena kuma abokan sana'a, bayan gaisuwa da fatan alheri. Na daɗe ina son mu yi wannan magana baki da baki, amma duk inda muka haɗu, ko a filin hawa ko a gidan biki, kowa idonsa na cikin kyamara, ba a samun sukunin zama. Shi ya sa na ga gara in rubuta, wanda ya karanta ya isar wa wanda bai gani ba.

Na fara riƙe kyamara tun ana sa fim mai cin hoto 36, a kai wurin wanki a jira kafin a san abin da aka kamo. A lokacin kowace dannawa kuɗi ce, dole mutum ya tsaya ya yi tunani kafin yatsansa ya motsa. Ku kuwa kun taso a zamanin da mutum zai danna sau dubu a wuni ɗaya bai yi asarar ko kwabo ba, kuma kafin ya kai gida hoton ya riga shi zuwa Legas da Landan. Ina ganin ayyukanku, kuma wallahi suna burge ni. Kun nuna wa duniya marinar Ƙofar Mata, da lungunan Kasuwar Kurmi, da 'yan dakon Kantin Kwari, da faɗuwar rana daga kan Dala, da kyawun da mu ba mu taɓa iya fito da shi ba.

Ba na cikin masu cewa a daina ɗaukar hoto a titi. Ku duba tsofaffin hotunan Kano na zamanin Turawa da ake yawo da su a intanet: ganuwa, dalar gyaɗa, fatake da raƙumansu. Mafi yawansu baƙi ne suka ɗauka, kuma mutanen da ke ciki ba su da suna. A ƙasa sai ka ga an rubuta "ɗan kasuwa Bahaushe" ko "mata a bakin rijiya", shi ke nan. Kakan wani ne, kakar wata ce, amma ba wanda ya damu ya tambaye su ko su wane ne. Yanzu Allah ya dawo da kyamara hannun 'ya'yan gari. Tsorona shi ne mu maimaita wa mutanenmu abin da aka yi wa kakanninmu, mu da muke jin harshensu, muka san abin da ke ba su kunya.

Bari in fara da laifina, domin shi ya sa ni wannan rubutu.

Wata Juma'a ce da hunturu, an sauko daga masallaci, na hango wani dattijo zaune a gindin katanga. Farin gemu, rawani ya koɗe, ya shimfiɗa guntun buhu a gabansa da 'yan canji a kai. Rana ta ratso hazo ta sauka a gefen fuskarsa. Kun san irin hasken nan da mai hoto zai yi wata guda yana nema bai samu ba. Na tsaya a tsallaken titi, na zuƙo shi, na danna sau huɗu ko biyar. Bai gan ni ba. Ban yi masa sallama ba, ban tambayi sunansa ba, ko sadaka ban ba shi ba, don hankalina ya riga ya tafi kan abin da na kamo. Da daddare na ɗora a Facebook, na rubuta 'yar magana mai taɓa zuciya a kan talauci da tsufa. Kafin gari ya waye hoton ya yi nisa. Yabo ta ko'ina, wasu na cewa sun yi hawaye, ni kuma ina ta amsa godiya, ina jin na yi aikin alheri.

Bayan kamar mako uku wani saurayi ya zo shagona. Da tambaya ya iso, domin sunan shagon na jikin hoton. Ya yi sallama, ya russuna ya gaishe ni irin gaisuwar ɗan mutunci, sannan ya ciro waya mai fasasshen gilashi ya miƙo mini. Ya ce, "Malam, kai ka ɗauki wannan?" Na ce ni ne, har da murmushina, a zatona yabo ya kawo. Sai ya ce, "Mahaifina ne."

Ashe dattijon ɗan ci-rani ne. Duk shekara in an kai amfanin gona gida yakan shigo birni, kuma a ƙauyensu abin da aka sani shi ne yana gadi a wani gida. Gadin ya yi shi shekara da shekaru, har ƙarfi ya ja baya, ido ya fara rauni, aka sallame shi. Bai iya komawa gida hannu rabbana ba, ga autarsa an sa mata rana. Sai ya zaɓi unguwa mai nisa inda ba wanda ya san shi, yana zama ranar Juma'a kaɗai. Ko 'ya'yan cikinsa ba su sani ba. Hotona ne ya kai labarin ƙauyen, ta wayar wani yaro, daga wannan majalisa zuwa waccan, har gidan surukai.

Saurayin bai zage ni ba, bai nemi ko sisi ba. Ya ce mahaifinsa ne ya aiko shi da tambaya guda ɗaya: "Ka tambayar mini mai hoton nan, me na yi masa?"

Na goge hoton a gabansa, hannuna na rawa. To amma gogewar me? An ce magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi ta, don shi ba ya buƙatar wanda zai maimaita shi, da kansa yake tafiya. Na je har ƙauyen neman gafara. Dattijon ya ce ya yafe duniya da lahira, ya sa aka dama mini fura. Amma duk zaman da muka yi a zaurensa bai ɗago ido ya dube ni ba, yana ta murza gefen tabarma da yatsa. Da ɗansa ya rako ni bakin hanya ya gaya mini tun ranar da abin ya faru mahaifinsa bai sake zama a majalisar da ya saba zama bayan la'asar ba. Auren dai an ɗaura, alhamdu lillahi. Shi kuwa dattijon bai sake zuwa ci-rani ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ƙannena, talaka a garin nan ba shi da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Rayuwarsa a waje take. A titi yake cin garau-garaunsa, a titi yake ƙailula a kan baronsa, a titi yake share hawaye in abin ya ishe shi. Mai hali yana bayan baƙin gilashin mota, kyamararku ba ta isa gare shi. Abin da ya rage wa talaka shi ne rufin asiri, kuma shi ne roƙonsa safe da yamma: Allah ka rufa mana asiri. Wannan ɗan abin da ya rage masa shi na ƙwace wa dattijon nan daga tsallaken titi, ban ko gaishe shi ba.

Na san amsar da wasunku za su ba ni, don na sha jin ta: titi na kowa ne, wanda ya fito waje ya yarda a gan shi, kuma doka ba ta hana ba. Gardamar doka na bar wa lauyoyi, ko da yake sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kowane mutum na da haƙƙin a kiyaye mutuncinsa. Mu muna da abin da ya riga kundin. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi sahabbai kan zama a bakin hanyoyi. Suka ce ba su da makawa, nan ne wuraren hirarsu. Ya ce to in sai sun zauna, su ba hanya haƙƙinta. Suka tambayi haƙƙin nata, ya lissafa: runtse ido, kame cutarwa, amsa sallama, umarni da kyakkyawa, da hani ga mummuna. Wannan fa ga mai zama yana kallo da idonsa ne kawai, wanda in ya tashi abin da ya gani ya wuce. Ina ga wanda ya zo da ido na uku, mai zuƙo abin da ke nesa, mai adana abin da ya gani, mai raba shi ga mutum dubu ɗari? Wanda ya fito titi ya yarda masu wucewa su gan shi a wannan sa'a. Bai yarda surukansa su gan shi a ƙauye ba, bai yarda jikokinsa su tarar da shi a intanet bayan shekara ashirin ba.

Akwai kuma masu cewa in ka nemi izini hoton ya mutu, mutum zai gyara hula ya ƙame kamar mai hoton fasfo. Gaskiya ne, a minti biyar na farko. Amma ku zauna mana. Ku yi sallama, ku sayi shayi, ku tambayi mai faci yadda kasuwa take, ku bari ya gaji da kallon kyamarar. Bayan rabin awa zai koma kan tayarsa ya manta da ku, kuma hoton da za ku samu a lokacin ya fi na sata nesa ba kusa ba. In kuma abu ne na ƙiftawar ido wanda ba ya jira, ku ɗauka, sannan ku tsallaka ku same shi, ku juya masa kyamarar ya gani. In ya ce a goge, ku goge a gabansa, gogewa ta gaskiya, ban da dabarar nan ta ajiye kwafi a wani kati. Kuma ku faɗa masa inda hoton zai je. Tsohuwa mai ƙosai da ta ce "ɗauka mana, ɗan nan" tana zaton abin zai tsaya a cikin akwatinku ne. Ba ta san Instagram ba, ba ta san za a buga ta a bango a wani baje kolin hotuna a Abuja ba. In ba ku yi mata bayani ba, ba ku nemi izininta ba, wayo kuka yi mata.

Taron jama'a daban ne. Ranar Hawan Daushe ko Hawan Nasarawa, mahayin da ya sha ado ya fito ne don a gan shi, dokinsa ma haka. Tun da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024, idon duniya ya ƙara dawowa kansa, kuma ku ne za ku nuna shi. Ku ɗauki mahaya da 'yan lifida da dogarai da masu algaita son ranku. Amma na ga wasu sun juya wa dawaki baya suna farautar fuskokin 'yan mata a cikin 'yan kallo, washegari a ga hoton 'yar mutane a shafukan da ake tambayar "wa ya san wannan?", maza ɗari suna faɗin abin da suka ga dama a kanta. Yarinya ta fito kallon hawa da ƙannenta, ta koma gida ta tarar da fitina. Wanda duk yake da ƙanwa ya san abin da nake nufi.

Sai maganar da ta fi ci mini rai, ta almajirai. Babu wanda kyamarorinmu suka fi ci kamar yaran nan, saboda ba su da mai tsaya musu. Yaro ɗan shekara bakwai ba ya iya ba da izini. In ka ce masa "tsaya in ɗauke ka" zai tsaya, don babba ne ya faɗa, kuma yana sa ran ko naira hamsin. Da idona na ga mai hoto ya tara yara a bakin gada, ya ware wanda rigarsa ta fi yagewa, ya ce ya miƙo robarsa, ya daina dariya, ya kalli ƙasa. Yaron da minti ɗaya kafin nan yake tsalle yana wasa da 'yan'uwansa. Wannan ƙarya ce aka shirya, kuma an shirya ta ne don an san masu saye: irin hoton da ake mannawa a takardun neman tallafi. Kuɗin ya shiga aljihu, yaron ko labari bai ji ba. Matsalar bara gaskiya ce, yunwarsu gaskiya ce, kuma ya kamata a nuna ta har masu mulki su ji kunya. Amma ana iya nuna ta ba tare da fuskar da za a gane ba: ƙafafu marasa takalmi a kan kwalta da tsakar rana, robobi a jere a ƙofar gida, inuwarsu a jikin bango. In kuma fuskar ce dole, to tsangayar tana da malami, yaron yana da iyaye. Ku je ku yi sallama. Yaron nan zai girma, wataƙila ya zama alaramma ko ɗan kasuwa mai iyali, hoton kuwa yana nan yana jiran sa.

Kada ku zaci ƙananan masu hoto irinmu kaɗai ke faɗawa wannan rami. A 1984 Ba'amurke Steve McCurry ya ɗauki wata yarinya 'yar Afganistan mai korayen idanu a sansanin 'yan gudun hijira kusa da Peshawar a Pakistan. Mujallar National Geographic ta sa ta a bangonta a watan Yunin 1985, hoton ya zama ɗaya daga cikin mafi shahara a duniya. Shekara 17 ana sayar da fuskarta ba wanda ya san sunanta. Sai a 2002 aka nemo ta, aka san sunanta Sharbat Gula, kuma sai a lokacin ta fara ganin hoton nata. Haka a 1993 Kevin Carter, ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗauki wani yaro da yunwa ta durƙusar a Ayod da ke kudancin Sudan, ungulu na tsaye a bayansa. Jaridar New York Times ta buga, duniya ta girgiza, hoton ya ci lambar yabo ta Pulitzer a 1994. Masu karatu suka yi ta tambayar abin da ya faru da "yarinyar", domin jaridar ta rubuta cewa yarinya ce. Sai a 2011 'yan jarida daga Sifaniya suka gano mahaifin, ashe namiji ne, kuma ya tsira daga waccan yunwar. Hoton ya buɗe idon duniya kan bala'in Sudan, ban musa ba. Amma shekara 18 duniya na kuka a kan yaron da ko jinsinsa ba ta sani ba.

A nan gida kuma akwai waɗanda suka nuna mana wata hanyar. A 2016 wata mai tallar burodi ta ratsa ta cikin hoton da mai hoto TY Bello ke ɗauka a titin Legas. Mai hoton ba ta ce ta tsinci dami a kala ba, sai da ta sa cigiya har aka samo matar, aka san sunanta, aka yi magana da ita. Fati Abubakar kuma, 'yar Maiduguri, a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai gawa da ƙonannun gidaje, ta buɗe shafin Bits of Borno tana nuna 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu kwalliyar Sallah, tana haɗawa da abin da suka faɗa da bakinsu. Garin da ke cikin yaƙi ne, amma mutanen cikin hotunanta na tsaye da mutuncinsu.

Wurin haɗari ba zan tsawaita ba, don abin ya wuce a yi ta bayani. Mota ta kife, mutum na kwance cikin jini, tufafin mace sun yaye, mutum ashirin sun kewaye su da wayoyi. Uwa ta ga gawar ɗanta a WhatsApp kafin a zo mata da gaisuwa. Ku da kuke kiran kanku ƙwararru, ku ne ya kamata ku fara sauke kyamara, ku cire riga ku rufa, ku ce wa sauran su ji tsoron Allah.

Kada wani ya fahimce ni a karkace, ya ce na ce a ɓoye ɓarna. Kwatar da ta toshe shekara uku, ajin makarantar da rufinsa ya yaye, bola da ta cinye rabin titi, jami'in da ke karɓar na goro a shingen hanya, aikin da aka ce an gama alhali ko tubali ba a ɗora ba, duk ku ɗauka, kuma ba sai kun nemi izinin wanda ya ci amanar ba. Wanda ya karɓi amanar jama'a ya yarda a duba aikinsa. Abin da na lura shi ne kyamarorinmu sun fi son kallon ƙasa, wajen wanda ba zai iya kiran ɗan sanda ko lauya ba. Ɗaga ta sama yana buƙatar ƙarfin zuciya, kuma a can ne aka fi buƙatar ku.

Ku kula da abin da kuke rubutawa a ƙasan hoto. Mutum na barci a kan benci bayan ya kwana yana aiki, a rubuta "zaman kashe wando". Matashi idonsa ya yi ja don ƙurar hanya, a rubuta "illar shaye-shaye". Wannan ƙazafi ne, ko da hoton gaskiya ne. Ku sa wuri da ranar da kuka ɗauka, domin a ƙasar nan an sha ɗauko tsohon hoto daga wani gari a ce yau ya faru a wani, a tayar da hankalin jama'a. In hoto ya kawo muku kuɗi, ku tuna da mai fuskar. In bai kawo ba, ku wanke ko ɗaya ne ku kai masa. Jakata ba ta rabuwa da ambulan na hotunan da zan mayar wa masu su, kuma na ga dattawan da suka karɓa da hannu biyu, suka ce tun da suke ba su taɓa mallakar hotonsu ba in ban da na katin zaɓe.

Ina roƙon manyanku da ke shirya fita ɗaukar hoto rukuni-rukuni a cikin gari, kafin a rataya kyamara a tsaya minti goma a yi wa sababbi wannan magana, kamar yadda ake koya musu saita haske.

Roƙona na ƙarshe na kaina ne. Hoton dattijon nan har yau yana yawo. Nakan gan shi ya ɓullo a wani shafin da sabon rubutu a ƙasansa, wani lokaci an yanke sunan shagona, wani lokaci yana nan. Dattijo ne mai farin gemu da koɗaɗɗen rawani a gindin katanga, guntun buhu a gabansa, rana a gefen fuskarsa. Na san wasunku sun adana shi a wayoyinsu, wasu ma sun taɓa ce mini shi ya sa su sha'awar sana'ar. Don girman Allah ku goge shi, inda kuka gan shi kuma ku roƙi mai shafin ya sauke. 'Ya'yansa da jikokinsa suna nan da rai, kuma suna riƙe da waya.

Wassalamu alaikum.

Yayanku a sana'a,
daga cikin birnin Kano.